Tsakaninmu: Magarya Mai Aure

Wannan magana tsakaninmu ce, ku matso kusa, kada ta kai kunnen Alhaji. Kun gane wanda nake nufi, babban yayanmu da ya ajiye aikin gwamnati ya koma gonar gado ta wajen Dambatta. To dashen tuffar nan da ya ɗauko a bayan mota tun daga Jos, ya kewaye shi da waya, ya ɗauki yaro yana ba shi ruwa safe da yamma, har yanzu ko fure bai yi ba. Bai mutu ba dai. Yana nan tsaye da 'yan ganyayyakinsa, in bazara ta kankama gefen ganyen ya ƙone ya nannaɗe, in damina ta sauka ya ɗan farfaɗo, haka ake ta fama. Ranar da na leƙa gaishe shi ya ja ni har gindin abin ya ce, "Malam, ƙasar ce ba ta karɓe shi ba tukuna, bana zan ninka masa taki." Na ce, "Allah ya sa a dace, Yaya." To me zan ce? Dattijo ya sa ransa a abu, ai ba a tsaye cikin gonarsa za ka karya masa gwiwa ba.

Amma ku zan faɗa muku gaskiya, ko taki mangala ɗari aka zuba ba zai canza komai ba. Tuffa itaciyar ƙasar sanyi ce, kuma sanyin nan bukatarsa take yi. Sai ta zubar da ganye ta kwanta, ta sha ɗaruruwan awoyi cikin sanyin da bai haura digiri 7 ba, sannan idanunta su buɗe ta yi fure. Yawancin ire-iren da ake nomawa a Turai suna neman kamar awa 800 zuwa 1,000 na irin wannan sanyi. Ko Anna, wadda aka fitar a Isra'ila don ƙasashe masu ɗumi, tana son awa 200 zuwa 300. Mu kuwa hunturun da muke kuka da shi muna ƙudundune a bakin wuta, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, kuma kafin hantsi ya dubi ludayi ya gudu. Sannan Afrilu ya zo da digiri 40 da 'yan kai. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, Mambila ta fi haka, shi ya sa ake ɗan samun tuffa a can. Kano ko mita 500 ba ta cika ba. Akwai wata dabara da manoman Batu a tsibirin Java na Indunusiya suke yi, su tsige ganyen itaciyar kaf da hannu bayan an tsinke 'ya'ya, ta ɗauka sanyi ya zo ya wuce, ta sake fure. Amma su ma a kan duwatsu suke, inda iska ke da sanyi-sanyi duk shekara. Tuffar da kuke gani jere a baro ko a kasuwar 'Yan Lemo, mai sheƙi da ɗan tambari manne a jiki, yawancinta daga Afirka ta Kudu take zuwa, cikin kwali da kwantena mai sanyi.

Abin da Alhaji yake nema fa ba shirme ba ne. Ya taɓa ba ni labarin abin da ya burge shi lokacin da aka tura shi kwas Ingila. Su can sun raba tuffa gida biyu, ta ci da ta dafawa. Akwai Bramley, mai tsamin da in ka gatsa sai haƙoranka sun mutu, amma in ta ji wuta ta narke ta yi daɗi. Sannan akwai 'yan tsakiya masu aiki biyu, irin James Grieve ta mutanen Sikotilan, wadda in an tsinke ta da wuri ta tukunya ce, in an bar ta ta nuna a reshe ta ci ce. Mai ƙaramin fili ita yake nema, gindi ɗaya ya ishe shi baki da tukunya.

Wannan lissafin kuwa namu ne tun kaka da kakanni. Wa ya kai mutumin karkarar Kano sanin darajar taku ɗaya na ƙasa? Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Makoɗa, gona manne take da gona, babu saura, babu shekarar da ake barin ƙasa ta huta. Gado ya yanka ta, jikoki su zo ya sake yankawa. Baturen nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya sannan a Bayero, tun cikin shekarun 1960 ya fara bin gonakin nan yana aunawa, kuma abin da ya ba mutanen waje mamaki a bincikensa shi ne yawan jama'a bai cinye itatuwan ba. Dalili a fili yake ga wanda ya tashi a nan: kowace itaciya tana da mai ita, kuma tana da aikinta. Ɗorawa ta ba da gari ta ba da kalwa. Kuka ta ba da miya ta ba da 'ya'ya. Gawo ya ciyar da dabba da rani, damina na zuwa ya zubar da ganye ya bar gero ya sha rana. Itaciyar da ta tsaya cin wuri kawai, gatari ke raba gardama da ita.

To a wannan gonar ta Alhaji, taku kaɗan daga wayar da ya kewaye tuffarsa, a kan iyaka tsakanin gamba da lalle, akwai kututturan magarya. Duk shekara yara su sassabe su, su ja ƙayar su kai shinge, kafin kaka ta sake tohowa ta kai ƙugu. Ba mai ba ta ruwa, ba mai yi mata taki, akuya ta ci, wuta ta lasa, tana nan. Saiwarta ta nutsa can ƙasa inda laima take, kuma ta yi shekaru tana nutsawa. Wannan ita ce dukiyar da nake so mu yi hirarta yau.

Ban tsammanin akwai wanda zan koya wa magarya a cikinku, sai dai 'ya'yanmu na birni da ke rikita ta da kurna. Ka juya ganyen. Na magarya bayansa fari-fari ne mai laushin gashi, na kurna kore ne ciki da baya. Ƙayar biyu-biyu take fitowa, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya lanƙwasasshiya, kuma mai lanƙwasar ce ke riƙe maka riga har sai ka ja da baya. 'Ya'yan kuma kun san su, ƙanana, ja-ja in sun bushe, zaƙi da ɗan tsami, amma ƙwallo ya cinye fiye da rabi. Ka tsotsi cikin tafi guda ba ka ji ka ci komai ba. Shi ya sa muka bar ta ga yara da 'yan kiwo, ba mu taɓa lissafa ta cikin kayan lambu ba.

Mutanen Indiya ba su raina ta haka ba. Itaciya ɗaya ce da tamu, jinsi guda, amma sun daɗe suna zaɓen masu manyan 'ya'ya suna yaɗa su ta hanyar aure, irin yadda muke yi wa mangwaro, har suka fitar da ire-ire masu suna: Gola, Umran, Seb, Kaithli da sauransu. Gola zagayayya ce kuma tana nuna da wuri. Umran doguwa ce, ta kusa ƙwan kaza, tana jinkirin nuna amma ta fi jure ajiya. Kowacce ta ninka tamu sau goma ko fiye a nauyi, ƙwallon kuma bai girma tare da naman ba. Masu bincike a Sanagal da Mali da Burkina da Nijar suka gwada ɗora su a kan magaryar gida, suka ga sun kama. Wanda ya fi tallata ta a Nijar shi ne Farfesa Dov Pasternak, wanda ya yi aiki da cibiyar ICRISAT a Sadore, kudu da Yamai, daga farkon shekarun 2000. A can ne sunan tuffar Sahel ya bi ta. An ba ƙungiyoyin mata faƙon da kowa ya yafe, suka haƙa ramuka masu siffar rabin wata don tare ruwan sama, suka dasa ta a ciki, tsakani kuma suka sa zogale da kuɓewa da yakuwa. Ƙasar da ta gagari gero ita ta riƙe wannan itaciya.

Duk wanda ya taɓa gatsar Gola lokacin da ta fara juyawa daga kore zuwa ruwan ɗorawa ya san dalilin sunan. Ƙaras take yi a baki, ruwa ya cika maka harshe, zaƙin bai yi yawa ba, fatar ba ta da kauri. In aka zo maganar amfani a jiki ma ta bar tuffa a baya, don bitamin C ɗin da ke cikinta ya ninka na tuffa sau goma da wani abu. Kuma tana nuna cikin hunturu, lokacin da mangwaro bai ko gama fure ba, yara na fama da tari da tsagewar leɓe.

Yanzu ga yadda ake auren, don na tsaya na kalli wani tsohon ma'aikacin gandun daji yana yi, hannunsa ko rawa ba ya yi. Cikin bazara, kamar Afrilu ko Mayu, ake sare tsohuwar magaryar kusa da ƙasa. Ruwa na sauka za ta turo tsirai da yawa. Ka zaɓi ɗaya ko biyu miƙaƙƙu masu ƙarfi, ka cire sauran. In wanda ka bari ya kai kaurin fensir, lokaci ya yi. Sai ka samo reshen Gola ko Umran mai irin wannan kaurin, mai ido biyu ko uku, ka tsige ganyen ka bar 'yan ƙusoshinsa. Ka datse kan tsiron gida, ka tsaga shi ta tsakiya da sabuwar reza kamar tsawon gaɓar yatsa ɗaya da rabi. Gindin baƙon reshen ka fere shi gefe biyu ya yi baki kamar na kurfi, ka zura cikin tsagar. Abin lura ɗaya ne, kuma nan mutane ke faɗuwa: ɓawo ya haɗu da ɓawo, ko da ta gefe guda ne, domin ta ƙarƙashin ɓawon ruwan itaciya ke bi. Dattijon nan sai da ya sa babban yatsa ya shafa mahaɗar, ya ji babu tudu, sannan ya yanko leda siririya ya naɗe tam daga ƙasa zuwa sama, ya kifa wata 'yar farar leda a kai don kada iska ta busar da reshen. Ya ce da ni, "Ɗana, kada ka taɓa bakin yankan da hannu, kuma kada ka tsaya hira tsakanin yanka da ɗauri." Cikin mako biyu zuwa uku, in Allah ya nufa, idanun za su fashe su fito da ganye. Sai a cire ledar sama, ta ɗaurin kuma a sassauta ta daga baya.

Daga nan aikin ya koma tsaro. Uwar ba ta haƙura, kullum sai ta turo nata tsiran daga ƙasan mahaɗar, kuma in ka yi sakaci wata guda za su shanye ruwan su bar baƙon ya bushe. Duk wanda ya leƙo a murje shi da yatsa tun yana ɗanye. A kafa sanda a ɗaure sabon reshen, don iskar farkon damina tana karya shi daidai wurin auren. A kewaye da ƙaya saboda awaki, ƙayar kuwa ga ta nan, wadda ka sare ce. Ladan wannan wahala shi ne saurin haihuwa. Tunda saiwar ta riga ta tsufa, sau da yawa a shekarar farko ake ganin 'ya'ya, ba irin jiran da ake yi wa dashen mangwaro ba. Wanda ba shi da kututture sai ya shuka: a fasa ƙwallon a hankali a ciro ƙwayar ciki, ita ke tsirowa da sauri, in an shuka da ƙwallon sai a yi ta jira. Amma kada wani ya ci Gola ya shuka ƙwallonta yana sa ran Gola. Abin da zai fito ba shi da tabbas, reshe ne kaɗai ke riƙe iri.

Makwabtanmu na Maradi sun riga mu gane darajar kututture. Tun 1983 da wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara jan hankalin manoma su daina ƙone tohon itatuwa a gona, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu su raina, abin da suke kira sassaben zamani, miliyoyin kadada sun sake yin itatuwa ba tare da an dasa ba. Auren magarya ƙari ne a kan wannan, ka raini tohon sannan ka ɗora masa iri mai kyau.

Abu biyu ne mutanenmu ba sa so su ji. Na farko aski. Magarya a sabon reshe take haihuwa, wanda ya fito a shekarar, don haka duk bazara, in ta zubar da ganye, sai an datse rassan bara an bar 'yan guntaye. Mutum ya ga itaciyarsa ta yi kyau ta yi inuwa, ka ce ya sa mata almakashi, sai ya ga kamar mugunta kake nufi. In bai yi ba ta cukurkuɗe, 'ya'yan su ƙanƙance, tsinka ta gagara saboda ƙaya. Askin ma yana da wata riba a gona irin tamu: lokacin da gero da wake ke neman rana, itaciyar ba ta da inuwar da za ta danne su. Na biyu ruwa. Gaskiya ne ba ta mutuwa don fari, amma rayuwa daban, cika 'ya'ya daban. Tana fure a ƙarshen damina, ruwa ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, daidai lokacin da 'ya'yan ke neman abin sha. Wanda ke kusa da madatsar ruwa ta Tomas ko Watari ko Gari ko Wasai ya huta. Wanda ke tudu sai ya yi mata kwari a gindi, ya rufe da kara ko ciyawa, ya riƙa kai mata ko bokiti biyu ne a mako har ta nuna. Bambancin a bakinka za ka ji shi.

Sai babban abokin gaba, ƙudan da ke sa mata tsutsa. Tun 'ya'yan suna ƙanana yake huda fatar ya ajiye ƙwai, ka ga magarya lafiya lau a waje, ka gatsa ka tarar an riga ka. In ta faɗi, tsutsar ta fita ta shige ƙasa ta kwanta, ta fito ƙuda ta sake hawa. Maganin da ya fi araha shi ne tsafta: a tsince duk wadda ta faɗi a ba awaki ko a binne da zurfi, da bazara kuma a kafce gindin da fartanya rana da kaji su gama da na cikin ƙasa. Ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa yana rage su. Wani lokaci kuma za ka ga farar hoda a jikin ƙananan 'ya'yan, cuta ce, hodar farar wuta ake yi mata. Abin da nake roƙonku, don Allah kada wanda ya ɗauko fiya-fiya ko ragowar maganin wake ya fesa wa abin da yaro zai tsinka ya jefa a baki ko wankewa bai yi ba.

To mu zo kan tukunya, don nan ne na ga abin da ya sa na ce hirar ta tsaya tsakaninmu, kada masu tallar sabon iri su ce ina ɓata musu kasuwa. Na kai wa Gwaggonmu manyan 'ya'yan magaryar nan cikin leda ina jin na kawo abin a yaba. Ta ɗauki ɗaya ta jujjuya, ta gatsa da gefen baki inda haƙora suka rage, ta ce, "Daɗi kam akwai, ɗan nan. Amma wannan ai ruwa ce zalla. Da me za a yi tuwon?" Tuwon magarya take nufi, wanda a wajen Damagaram da Maradi za ka ji ana ce masa akuri. In kun manta yadda ake yi, ni ban manta ba. Busasshiyar magarya ake tsincewa a zuba a turmi. Ba a sakar mata taɓarya da ƙarfi, kirɓawa ake yi a hankali yadda naman zai saki ya zama gari ƙwallon bai fashe ba. A tankaɗe da rariya, ƙwallaye su tsaya a sama, gari mai ruwan ƙasa-ƙasa ya sauka a faifai, ƙamshinsa ya cika tsakar gida. A yayyafa masa ruwa kaɗan, yadda in ka dunƙula zai kama, a danna cikin ɗan ƙoƙo, a turara a madambaci. In ya huce ya yi tauri, ba sukari ba komai, kuma yana daɗewa bai lalace ba, shi ya sa matafiya ke son sa a guzuri. Garin ma ana dama shi a ruwa ko a zuba a kunu.

Gwaggo ta gwada shanya manyan. Da ta bar su ɗungum, waje ya yi baƙi ciki bai bushe ba. Da ta yanyanka ta cire ƙwallon ta baza a tabarma cikin iskar hunturu, sun bushe sarai, sun yi zaƙi, jikoki suka wawashe, amma danƙo suke yi, turmi bai mai da su gari ba. Ta dafa wasu da ɗan sukari da ruwan tsamiya har suka yi kauri, aka shafa a burodi, kowa ya yaba. Mutanen Indiya ma haka suke yi, su dafa da sukari, su yi ɗan tsami da ita, su busar. Ke nan babbar tana shiga tukunya, ba a ce ba ta shiga ba. In ta fara juyawa ta ci ce da ta kasuwa, in ta yi ja ta yi laushi ta wuta ce da ta shanya. Sai dai tsakanin waɗannan biyun kwanaki ne ƙalilan. Abin da ka tsinka yau, in bai bar hannunka ba cikin 'yan kwanaki ya fara yamushewa, mai baro kuma ya sani, shi ya sa zai taya maka a wulaƙance in ya ga ka kawo da yawa. Ƙaramar tamu kuwa ta bushe a reshe, a zuba a buhu, a auna da tiya har bayan salla ba ta ce uffan ba.

Saboda haka ra'ayina, wanda ba na jin zan sauka daga kai, shi ne kada a aurar da su duka. In kana da gindi biyar a iyaka, yi wa uku aure ka bar biyu yadda Allah ya halicce su, ka dai riƙa yi musu aski su ma. Kada kuma ka ce za ka raba gindi ɗaya, rabi gida rabi baƙo, don na gidan zai rinjaya. Barin na gidan yana da wata fa'ida: wasu daga cikin manyan ire-iren ba sa ɗaukar 'ya'ya sosai in su kaɗai ne, sai ƙudan zuma da sauran ƙwari sun kawo musu garin fure daga wata. Illarsa kuma ita ce ƙudan tsutsa na samun mafaka a can, don haka tsintar da za ka yi a gindin wannan sai ka yi ta a gindin waccan.

Ban ma taɓo ganyen ba. Wace unguwa ce ba a aika yaro neman ganyen magarya in an yi rasuwa? Wankan gawa da shi sunna ce, ya zo a hadisin Ummu Aɗiyya kan wankan 'yar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A daka shi a zuba a ruwa ya yi kumfa. Masu ruƙiyya na nemansa, mata na wanke kai da shi, tumaki na cinsa da rani, itacen kuma ya yi ƙotar fartanya. Itaciyar da sunanta ya zo a Alƙur'ani, wadda kowane ɗan makarantar allo ya ji labarin Magaryar Tuƙewa, ita muke aika yara da adda su share.

Akwai dai inda za a yi hattara. Iyaka wurin rigima ce, kun fi ni sani. Kafin ka raini itaciya mai ƙaya a kan iyaka, je ka sami maƙwabcinka ku yi magana, in da hali a gaban mai unguwa, a san ta wane ce, a kuma san reshen da ya leƙa gonarsa ya halatta ya ci. Wanda ke noman aro ko jingina ko haya, kada ya soma sai da yardar mai ƙasa, don a wajenmu dasa itaciya kusan cewa ne wurin naka ne. Matan gida kuwa, da yawansu ba sa fita gona, su ne na ga abin zai fi yi wa rana. Gindi ɗaya a bayan ɗaki, inda ruwan alwala da na wanke hatsi ke gangarawa, a datse rassan ƙasa saboda idon yara. Mai gida bai rasa komai ba, uwargida ta sami abin ɗora wa 'yar talla a faranti da abin ba baƙo.

Inda za a sami reshen shi ne abin da za ku tambaya. A fara da masu rainon dashe da malaman gona na hukumar KNARDA, a leƙa Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke nan Dambatta, da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da ofishin ICRISAT na Kano, a tambaya. Masu bin hanyar Kazaure da Daura zuwa Damagaram, ko ta Ɓaɓura zuwa garin Magarya, ko masu zuwa Maradi, su ma su buɗe ido a lambunan can. Kada ka sayi reshe sai ka ga uwar da idonka, in so samu ne ka ɗanɗana 'ya'yanta tun cikin hunturu ka yi mata alama. In an yanko a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa, kuma a ɗaura shi cikin kwana biyu ko uku, don ba ya jira.

Bana in yara za su fita sassabe, a bi su har gona a nuna musu kututturan da za a raina. Duk wanda aurensa ya fara kamawa a cikinmu kuma, baɗi in lokacin aure ya zo kada ya yi rowar rassan, ya aiko wa sauran.